Bindigar da Kawu Ya Miƙa da Hannu Biyu

A shekarun da kuɗin mai suka fara yi wa aljihun mutanenmu nauyi, gwamnatin jiharmu ta turo ni London in yi kwas na horar da malamai. Ina da ɗaki ɗaya da kicin a Stratford, a saman shagon wani mai gyaran takalma. Ina kuma da wata tsohuwar mota da na saya a hannun ɗalibin da ya gama zai koma gida. Motar tana tafiya, muddin ba a nemi ta yi sauri ba.

A lokacin duk wanda ya sauka daga gida, ko sayayya ce ta kawo shi ko ciwo. Kawuna, wan mahaifiyata, ciwo ne ya kawo shi. Babban ɗansa ya samu kwangilar hanya, ya ga bai dace ubansa ya ci gaba da bin layi a asibitin garinmu ba. Sai ya sa shi a jirgi, ya bugo mini waya in je in tare shi. Na tarar da shi a filin jirgi cikin farar babbar riga, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa, amma a miƙe yake kamar an dasa shi. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Ticha, ka yi tumbi." Tun ranar da na fara koyarwa bai sake kiran sunana ba.

Kawu tsohon ɗan doka ne. Yaran yanzu ba su san bambancin ba, don haka bari in yi abin da na saba, in yi bayani. Ɗan sanda na gwamnati ne, ɗan doka kuwa na En'e, kuma makaminsa kulki ne kawai. A ƙuruciyarsa an ba Kawu aikin odale, wato mai bin Di'o, Baturen da ke kula da gundumarmu, duk inda za shi rangadi. Baturen nan yana da bindiga mai baki biyu ta harbin zabi da agwagin fadama. Kawu ne ke goge ta, shi ke shafa mata mai, shi ke saɓa ta a kafaɗa yana bin bayan doki cikin rana. In zabi suka tashi, Bature ba ya ko waiwayowa, hannu kawai yake miƙowa baya, tafin a sama. Kawu sai ya ɗora masa ita da hannu biyu, kai a sunkuye. Ya yi shekaru a haka, Di'o ya tafi wani ya zo, kuma bai taɓa ɗora yatsa a kan kunamar bindigar ba. Muna yara yakan ba mu labarin yana dariya, yana kwaikwayon yadda Baturen ke kuskure zabuwar da ke tsaye a gabansa.

Likitocin wani asibiti a unguwar Marylebone suka yi masa aiki a ciki. Bayan kwana biyu babbansu ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kujera, ya tambaye ni ko ina shan shayi. Na zauna a ƙasar nan isasshen lokacin da zan gane cewa in likita ya fara da shayi, labarin ba mai daɗi ba ne. Ya ce sun yi abin da zai rage masa wahala, amma ciwon ya riga ya bazu, gara ya koma cikin iyalinsa da zarar ya iya zaman jirgi. Da na koma gefen gadon ina neman kalmomin da zan fara da su, Kawu ya dube ni ya ce, "Bar wahalar da kanka. Na sha kai wa mutane irin wannan saƙon, na san tafiyar mai ɗauke da shi."

Da aka sallame shi ya dawo ɗakina. Na bar masa gado, na shimfiɗa bargo a ƙasa. Ya kafa mini doka ɗaya: ba ni taɓa masa wanki. Kullum da safe yakan shiga banɗaki ya sa sakata, ya daɗe, ya fito da ƙullin leda ya kai bola da kansa. Takardun da asibiti suka ba shi kuma ya cusa su a ƙasan akwati. Na ɗauka kunyar tsofaffi ce, ban matsa ba.

Wata safiya muna shan koko na garin da matarsa ta ƙullo masa, ya ce, "Ticha, a garin nan ake ƙera ta ko?"

"Wace, Kawu?"

"Mai baki biyu."

Na ce ana sayar da ita dai. Ya ce to ita yake so. Ɗansa ya ba shi kuɗin tsaraba, ya ce ya sayi agogo da rediyo, amma shi agogo ba abin da zai gaya masa yanzu sai abin da ba ya son ji. Yana so ya riƙe tasa ta kansa, ya ɗaga ta, ya harba ko sau ɗaya ne, ya ji yadda take dukan kafaɗa. "Na san nauyinta, na san ƙamshinta, na san ƙararta daga baya," in ji shi. "Dukanta ne kawai ban sani ba."

Na yi tsammanin doka za ta raba ni da wannan rigima, sai ta ƙi. Da na bincika, na tarar a wancan zamanin baƙon da bai wuce wata guda a ƙasar ba yana iya sayen bindigar farauta ya riƙe ba tare da lasin ba, hatimin fasfonsa ne shaidarsa. Kawu kuwa da sauran 'yan kwanaki kafin watansa ya cika.

Shagon yana cikin gari, shiru kamar laburare, bindigogi jere a bayan gilashi. Mai shagon, wani dattijo mai farin gashi, ya ɗauko ɗaya ya miƙa wa Kawu. Kawu ya karya ta a tsakiya, ya leƙa bakunan biyu ta hasken taga, ya shinshina, ya mayar ya rufe. Dattijon ya ɗaga gira, ya ce in gaya wa maigidan ya ga alamar ya san bindiga. Kawu ya ce, "Me ya kira ni?" Na ce ya ce maka sa, wato ranka ya daɗe. Sai ya ce, "A sake tambayarsa wani abu, in ji ya ƙara faɗa."

Kafin mu fita dattijon ya ja ni gefe. A shekarun nan bama-bamai suna tashi a London jefi-jefi, kuma 'yan sanda a tsorace suke da duk wata mota. Ya ce bindiga ta zauna a kubenta a but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, ba harsashi a ciki, harsasai kuma a wani wuri dabam. In aka tsayar da mu, in kashe mota, in bar hannuwana a kan sitiyari, in faɗa musu da bakina akwai bindiga kafin su gano da kansu. Kada kowa ya fita sai an ce ya fita, kada kowa ya taɓa ta, ko da su suka tambayi inda take. Ya kuma ba ni kwatancen wani fili a bayan gari, ta gabas, inda ake cilla faya-fayan laka sama ana harbi.

Na fassara wa Kawu duka, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina karanta wa aji dokokin jarrabawa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yanzu ni za a koya wa tsayuwa gaban hukuma? Ticha, ina tsayar da mutane uwarka tana tallan gyaɗa." Abin da ya fi ba shi dariya shi ne faya-fayan. "Turawa har zabuwar laka suka ƙera? To, ita ma Di'o kuskurenta zai yi."

Ranar Asabar bayan azahar muka tashi. Ana yayyafi irin na garin, wanda ba ya jiƙa mutum sai ya yi masa a hankali. Kawu ya sa babbar rigarsa da aka wanke aka goge, ya kafa hula, ya zauna a gaba yana kallon titi kamar mai duba fareti. Ranar ya ci abinci fiye da kullum. Yana ta tambayata ko filin da nisa, ko ana barin mutum ya harba bakin biyu a jere.

Ba mu yi nisa da Stratford ba na hango motar 'yan sanda a madubi, ta kunna fitila. Na gangara gefe na kashe mota. Na ce, "Kawu, don Allah ka zauna yadda kake. Hannunka a kan gwiwa. Ni zan yi magana." Ya ce, "Yi abinka."

Su biyu ne. Saje, mai kauri, da furfura a gefen kunne, da wani saurayi dogo wanda bai fi ɗaliban da na bari a gida ba. Saurayin ne ya zo taga. Ya ce danjata ta baya, ta hagu, ba ta kamawa, ya nemi lasin tuƙi. Na ce lasin yana aljihun kwat ɗina, zan ɗauko in ya yarda, amma kafin nan akwai abin da ya kamata ya sani. Akwai bindigar farauta a but, a kubenta, ba harsashi, ta kawuna ce, baƙo ne, an saye ta bisa doka, takardu suna nan. Na faɗa a hankali, da Turancin da ban taɓa yin mai tsabta kamarsa ba.

Saurayin ya ja da baya. Ya kira sajen, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sajen ya koma motarsu ya ɗauki rediyo. Saurayin ya ce in fito a hankali, in buɗe but, in ja da baya. Na yi yadda ya ce. Bindigar tana kwance a kuben zane, sabuwa, igiyar bakin kuben ko datti ba ta yi ba. Ya dube ta, ya juyo gare ni, ya ba but ɗin rabin baya. Sai ya miƙa hannu gefe, tafin a sama, ya ce bari ya gani. Takardu yake nufi. Na sunkuyar da kai ina laluben lasin a aljihu.

Ban ji buɗe ƙofa ba. Daga baya na yi ta auna abin, na gane yadda ya faru. Kawu ba ya jin Turanci sai na fareti. Yana zaune ya ga an buɗe but, ya ga ana maganar kayansa ba shi a wurin, ya fito ta ɗaya gefen. Da ya zagayo, abin da ya gani shi ne Bature cikin kaki a tsaye, bai waiwayo ba, hannu a miƙe, tafin a sama, ga bindiga a kusa. Ban yi zaton ya yi wani tunani ba. Ya zare ta daga kube, ya karya ta yadda ake yi don a ga ba komai a ciki, ya haɗa dugadugansa, ya sunkuyar da kai, ya miƙa da hannu biyu.

Saurayin ya juyo ya ga baƙin mutum cikin ƙatuwar riga, da bindiga, taku ɗaya daga ƙirjinsa. Ya yi wata ƙara da ba ta yi kama da umarni ba, ya faɗa masa da dukan jikinsa. Bindigar ta yi gefe ta bugi kwalta. Kawu ya faɗi rub da ciki a kan jiƙaƙƙen titi, yaron a bayansa, gwiwa a kan ƙugunsa, ya murɗe masa hannu. Hular ta gangara ta tsaya a bakin kwata. Ni kuma sajen ya iso da gudu ya manna ni da jikin mota. Ina ta ihu cewa tsoho ne, marar lafiya ne, an yi masa aiki, miƙa muku yake yi. Masu jiran bas a tsallake sun juyo gaba ɗaya, wata mata ta rufe wa ɗanta ido.

Kawu bai yi kokawa ba. Wari ne ya fara tashi. Saurayin ya sassauta, ya ɗaga gwiwarsa, ya dubi wandonsa, ya dubi gefen farar rigar inda wani abu ke yaɗuwa. A nan ne na san abin da sakatar banɗaki take ɓoye mini. Likitoci sun huda masa ciki sun manna masa jaka, ta nan bayan gida ke fita, kuma jakar ce ta fashe a ƙarƙashinsa.

Sajen ya sake ni. Ya ɗauki bindigar, ya ga a karye take, ya leƙa ya ga ba komai. Ya ce wa yaron ya tashi. Muka ɗaga Kawu, ni da sajen, muka jingina shi da mota. Gefen fuskarsa ya kurje, tsakuwa ta manne a gemunsa. Da kansa ya sa hannu a aljihu, a hankali ƙwarai, ya fito da fasfo da rasit. Sajen ya duba hatimin, ya ƙirga da yatsa, ya koma rediyo, ya dawo. Ya ce komai daidai yake, ba mu karya wata doka ba.

Sai a lokacin fushi ya zo mini. Na fara gaya wa sajen ko ya san wanda suka kayar, mutumin nan ya yi aikinku tun kafin a haifi wannan yaron. Kawu ya tsinci kalmar da ya sani a ciki, ya kama hannun kwat ɗina.

"Me kake gaya musu?"

"Ina so su san kai wane ne, Kawu."

"Kada ka kuskura."

"Kawu, ai gara su ji kunya."

"Ka dube ni da kyau," in ji shi, murya ƙasa. "A haka za ka ce musu ga ɗan doka? Ce musu manomi ne ni. Ce musu baƙauye ne, bai san komai ba."

Sajen yana jira in ƙarasa. Na ce masa kawuna manomi ne, daga ƙauye yake, bai fahimci abin da ake nufi ba. Ya gyaɗa kai kamar dama haka ya zata. Ya ce zai kira motar asibiti. Kawu ya ce a'a, an gama kallonsa haka nan. Sajen ya je motarsu ya ɗauko wani bargo mai toka-toka, ya shimfiɗa a kujerar gaba, ya ce ba sai mun mayar ba. Shi ya mayar da bindigar kubenta, ya sa a but, ya rufe. Saurayin kuwa ya je bakin kwata ya ɗauko hular, ya goge ta da hannun rigarsa, ya kawo. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya faɗi wani abu da bai fito sosai ba. Kawu ya karɓa, ya riƙe ta a cinya, bai sa ba.

Da zan tayar da mota sajen ya sunkuyo ta taga, ya ce in daure in gyara danjar. Ina jin ba shi da wata maganar da ya iya a irin wannan wuri.

Na ce, "Kawu, asibiti za mu."

"Gida tukuna. Ba na shiga wurin mutane a haka."

Na juya mota. Ban tambaye shi batun filin ba, shi ma bai tayar ba. Warin ya cika motar. Na so in sauke gilashi, na ga in na sauke kamar na yi magana ne, sai na bar shi a rufe. Muka yi ta tafiya, abin share ruwa yana kai da komo. A wata mahaɗa danjar titi ta tsayar da mu. Yana kallon gaba ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ashe haka ake ji." Ban tambaye shi su wa yake tunawa ba. Mutum ba ya yin shekaru da kulki a zamanin haraji bai kwantar da kowa a ƙasa ba.

A ɗaki ya shiga banɗaki, amma wannan karon hannunsa da aka murɗe ya kasa. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa kafin na ji an zare sakata. Na shiga na taya shi. Ba wanda ya dubi wani, ba wanda ya yi magana, sai shi da yake gaya mini inda zan riƙe. Ɗinkin ya buɗe ta gefe ɗaya. Kafin magariba na mayar da shi Marylebone, suka ba shi gado.

Yana kwance watansa ya cika, doka ta daina ba shi damar riƙe bindigar. Na mayar wa mai shagon, ya ce zai tura ta ta jirgin ruwa in takardun shigar da ita gida sun kammala. Da na gaya masa abin da ya faru ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce in Kawu ya samu sauƙi, a filin nan akwai bindigogin haya, ba a bukatar komai, shi da kansa zai kai mu.

Na kai wa Kawu wannan albishir da rana, na tarar an ɗaga masa kan gado yana kallon rufin gidaje. Na ce ko zaune ne zai iya harbawa, za a sa masa kujera. Ya saurare ni har na gama, ya ce in yi wa dattijon godiya, mutumin kirki ne.

"To yaushe za mu, Kawu?"

"Bar shi, Ticha."

"Ai ba laifinka ba ne. Yaron ne ya firgita."

"Yaron ya yi aikinsa. Riƙonsa ma mai kyau ne, wanda ya koya masa ya iya." Ya ɗaga hannuwansa biyu daga kan bargo, ya juya su, ya dube su. "Ka gaya mini in zauna, na ji ka sarai. Wallahi na ji. Amma ina ganin hannun nan a miƙe, ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗauka in ta zama tawa zan riƙe ta. Ashe miƙawa kawai waɗannan suka iya."

Na ce ba haka ba ne, na kawo hujjoji, har da waɗanda ni kaina ban yarda da su ba. Ya bar ni na yi ta yi, yadda ake barin malami ya ƙarasa darasi bayan an kaɗa ƙararrawa. Sannan ya ce in nemo masa kujera a jirgi, yana so ya ga gonarsa kafin a yi girbi.

Na raka shi filin jirgi a keken marasa lafiya. Ya hana ni gaya wa ɗansa ko matarsa abin da ya faru a titi, kuma ban faɗa ba sai yau da duk suka riga mu gidan gaskiya. Ya ga gonar, an ce har an ɗauke shi an zaunar da shi a bakinta. A shekarar jiragen ruwa sun yi cunkoso a bakin tekun Legas, kowa ya yi odar duniya a lokaci ɗaya, kaya suna wata da watanni ba a sauke ba. Kawu ya rasu bindigar tana kan ruwa.